Injin da ke jan zaren DNA kafin katanga ta rufe

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Yanzun nan na fito daga ɗakin gwaji a nan Oksfod ta ƙasar Ingila, sanyi yana ratsa ƙashi, amma murnar abin da idona ya gani ta hana ni jin sa. A allon kwamfutar da ke haɗe da madubin duba ƙananan halittu, na ga ɗigo kore guda ɗaya a tsakiyar ƙwayar bakteriya, sai ya rabu biyu, kowanne ya kama hanyar nasa gefen ba tare da kuskure ba. Alama ce aka saka wa DNA, kuma rabon gado ne ake yi tsakanin ƙwayoyi biyu da za a haifa.

Ku dubi girman aikin. Tsawon bakteriyar E. coli bai wuce kashi biyu cikin dubu na milimita ba, amma zoben DNA da ke cikinta yana ɗauke da haruffa, wato tubalan sinadaran da aka rubuta saƙon gado da su, kusan miliyan 4.6, kuma da za a miƙe shi zai kai milimita ɗaya da rabi, wato ya ninka tsawon ƙwayar sau ɗaruruwa. Dole ta kwafe shi duka, ta raba kwafin biyu, alhali in abinci ya wadata tana iya rabuwa cikin minti 20. A 1963 masana kimiyya Jacob da Brenner da Cuzin sun yi hasashen cewa kwafin biyu suna maƙale ne a jikin fatar ƙwayar, girmanta ke nisanta su, sai daga baya aka gano cewa tafiyarsu ta fi girman ƙwayar sauri. Ashe akwai masu ja.

Wanda ya fi burge ni cikinsu shi ne wani ɗan ƙaramin injin furotin da ke cikin ƙwayar mai suna FtsK. Yana zaune daidai inda katangar da za ta raba ƙwayar ke rufewa, furotin shida ne suka haɗu suka yi zobe, zaren DNA ya ratsa ta tsakiyarsu, suna ƙona ATP, wato makamashin ƙwayar, suna jan sa kamar mai jan igiyar guga daga rijiya, hannu bayan hannu. Gudunsa ya kai haruffa 5,000 a daƙiƙa guda, yayin da injin da ke kwafar DNA ɗin kansa ke yin kusan 1,000. Kuma ba ja yake yi da ka ba. A jikin zaren akwai gajeren rubutu mai haruffa takwas da ake kira KOPS, an jera shi yana fuskantar wuri ɗaya mai suna dif, shi kuwa injin yana karanta wannan fuskanta ya san ta inda zai nufa. Wani lokaci, a kusan ƙwayoyi 15 cikin 100, kwafin biyu kan haɗe su zama ƙaton zobe ɗaya, to a nan FtsK kan jawo wuraren dif biyu kusa da juna, ya tayar da wasu furotin biyu, XerC da XerD, su yanke su sake ɗinkewa. In ba haka ba katanga za ta datse zaren, 'ya'yan su lalace. Babban kaso na wannan ilimi daga ɗakin binciken David Sherratt ya fito, a garin nan da nake takawa kullum, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana sa ni alfahari.

FtsK yana da ɗan uwa mai suna SpoIIIE a cikin Bacillus subtilis, wadda ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Wallahi da na ji haka sai ƙamshin miyar kuka ta gidanmu ya faɗo mini a rai, ga shi a nan ɗan ƙullin daddawa a shagon 'yan Afirka sai ka ajiye fam uku ko huɗu. Idan yunwa ta matsa wa wannan bakteriya, takan gina katanga a gefe ɗaya domin yin ƙwaya mai jure wuya, amma katangar kan rufe alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na DNA kawai ya shiga. Ling Juan Wu da Jeff Errington sun nuna a 1994 cewa SpoIIIE ne ke tura ragowar ta cikin katangar.

Ga gargaɗina, musamman ga mutanenmu da ke shiga kemis su sayi ciprofloxacin da zarar zazzaɓi ya taɓa su, suna cewa taifod ne ba tare da gwaji ba. Maganin nan yana aiki ne ta hanyar toshe wasu furotin biyu na bakteriya, gyrase da topoisomerase IV, kuma na biyun shi ne ke warware zobban DNA biyu da suka sarƙe bayan kwafi. Canjin harafi ɗaya ko biyu a jikin waɗannan furotin na iya rage ƙarfin maganin sosai, kuma shansa barkatai yana ba masu wannan canji damar yaɗuwa. Na roƙi iyayena da ƙannena kada wanda ya ƙara shan sa sai likita ya rubuta, ku ma ina roƙonku haka.