Takobin Japan na Gado: Yadda Ake Tantance Shi da Adana Shi

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Bayan da Japan ta miƙa wuya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945, sojojin mamaya sun umarci jama'a su miƙa makamansu, kuma ta wannan hanya takubba masu ɗimbin yawa suka bi sojoji zuwa Amurka, inda a yau jikoki ke cin karo da su a cikin kayan gado. Duk wanda irin wannan takobi ya faɗo hannunsa, abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya danne sha'awar goge shi, domin ɓarnar da samfefa ko injin wasa wuƙa ke yi cikin minti kaɗan ba ta gyaruwa har abada.

Shaidar takobin tana ɓoye ne a cikin mariƙinsa. Wata 'yar ƙusa ta gora, wadda ake kira mekugi, ita kaɗai ke riƙe da ruwan takobin, kuma idan aka tura ta waje a hankali aka zare mariƙin, sai gindin ƙarfen ya bayyana, wanda Japanawa ke kira nakago. Ku lura da baƙar tsatsar da ta lulluɓe shi. Wannan tsatsa ba datti ba ce, da ita masana ke kimanta shekarun takobi, tare da sawun magagarin maƙeri da sunan da ya sassaƙa, wato mei, wani lokaci har da shekarar ƙira. Wanda ya kankare ta ya shafe tarihin takobin da hannunsa, ya kuma zubar da darajarsa.

Sai dai suna kaɗai ba hujja ba ne, domin an daɗe ana sassaƙa sunayen manyan maƙera a jikin aikin da ba nasu ba, alhali kuwa yawancin takubban da ake jingina wa shahararren maƙeri Masamune, wanda ya yi zamani wajen shekarar 1300, ba su ɗauke da suna ko kaɗan. Saboda haka masani yakan fara duba lanƙwasar takobin da tsawonsa, sannan zanen da naɗe-naɗen ƙarfe ya bari a jikinsa, sannan hamon, wato farin layin da ke bin kaifi kamar igiyar ruwa, wanda ke fitowa idan maƙeri ya shafe ruwan takobin da yumɓu, ya gasa shi, ya tsoma a ruwa. Daga nan ake gane ko ƙirar kafin 1596 ce, wadda ake kira koto, ko ta bayanta. Akwai kuma takubban da aka ƙera wa sojoji da yawa a lokacin yaƙi ba bisa hanyar gargajiya ba, waɗanda galibi ke ɗauke da ɗan hatimi a nakago.

Hukuncin da masu saye da sayarwa suka fi amincewa da shi na NBTHK ne, ƙungiyar adana takubban fasaha na Japan, wadda aka kafa a Tokyo a 1948, mai bayar da takardar shaida hawa huɗu, daga Hozon, hawa na ƙasa, zuwa Tokubetsu Juyo, hawa na ƙoli. A cikin Japan kuwa, doka ta wajabta wa takobi katin rajista daga hukumar ilimi ta lardi, kuma magaji na da kwana 20 ya sanar da sauyin mai shi.

Adanawa ba ta da wahala, amma tana son kulawa. Ba a taɓa ruwan takobin da yatsa, ba a kuma magana a kansa, saboda gumi da yawu na haifar da tsatsa. Duk bayan 'yan watanni ana share tsohon mai da takarda mai laushi, a shafa sabon man choji kaɗan, mai ƙamshin kanumfari, sannan a mayar da takobin cikin shirasaya, kube na farin katako marar fenti, a kwantar da shi kaifi na kallon sama a wurin da babu danshi. Idan jar tsatsa ta riga ta kama shi, a shafa mai kawai a nemi togishi, gwanin wasa takobi da ya shafe kusan shekara 10 yana koyon sana'ar, domin kowace wasawa tana cin ƙarfen da ba zai dawo ba.