Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Girma Kwamishina, a madadin shugaban makaranta, iyaye da kwamitin ba ɗalibai shawara, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya.

Shirin yaya da ƙani da ka zo dubawa ba ya cin kuɗi, sa ido yake ci. Muna ba ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare yara biyar 'yan aji ɗaya na ƙarama, maza da maza, mata da mata. Duk Laraba su zauna minti 30 a inda malami zai hango su amma ba zai ji hirarsu ba. Ba ma ɗaukar 'yan aji uku, domin da zango na biyu ya kama, WAEC da NECO sun ɗauke musu hankali. Firifet ma ba ma ɗauka. Yaron da ka sa kamun kunne da safe ba zai gaya maka da rana bai karya kumallo ba.

Inda aikin ya fi ɓaci shi ne alkawarin sirri. Ƙani zai ce "rantse ba za ka faɗa ba", yaya ya rantse, shi ke nan an ɗora wa ɗan shekara 16 kayan da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka tun zaman farko yaya ke sanar da ƙannensa cewa abu uku ba a rufe su: duka ko lalata, shan ƙwaya irin su tiramadol da kodin, da maganar cutar da kai. Waɗannan a ranar ake kai wa malamin shawara, shi ya kira iyaye. In abin na likita ne, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa ba nisa.

Akwai kuma yayan da ke mayar da ƙani ɗan aike, wanki da ɗibar ruwa. Yara ba sa kai ƙara, don haka a tsakiyar zango kowa ke rubutu a takarda ba suna. Wanda aka samu, a sauya shi ba tare da tozarci ba.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe: ɗaki mai ƙofa, domin ba yarinyar da za ta yi kuka a ofishin malamai, sannan a rage wa malamin shawara darussa.

Bismillah, ɗaliban na jiran ka.