Ka Ajiye Waya, To Me Ka Sa A Gurbinta?

[Hoto: yatsa yana ta shafa fuskar waya]

Kwanan nan ana ta yayata azumin waya: wai ka kulle ta a durowa, kai ya wartsake, basira ta ɓarke. Da yawa sun gwada, sun dawo suna cewa ba abin da suka tsinta sai gundura. Akwai mataki guda da suke tsallakewa, shi za mu tsaya a kai.

Batun natsuwa dai ba gardama. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta auna tsawon lokacin da mutum ke yi a kan shafi ɗaya kafin ya tsallaka wani. A 2004, minti biyu da rabi. A 'yan shekarun nan, daƙiƙa 47.

[Hoto: agogo yana ƙirga daƙiƙu]

Na san wani ma ya leƙa saƙo tun da na fara magana. Ba komai, na yafe.

A wani bincike da aka wallafa a 2025, an toshe intanet a wayoyin ɗaruruwan mutane na mako biyu, aka bar musu kira da tes kawai. Natsuwarsu ta ƙaru.

Ƙirƙira ce ke da sharaɗi.

[Hoto: bulo a kan tebur]

A 2012, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka ce wa ɗalibai su lissafa sabbin hanyoyin amfani da kayan yau da kullum. Sai aka ba su hutun minti 12. Wasu aka ɗora musu aiki mai cin ƙwaƙwalwa, wasu aka ce su zauna kawai, wasu kuma aka ba su ɗan aiki mai sauƙi da ke barin tunani ya yi yawo. Da aka dawo, waɗannan na ƙarshe ne suka yi zarra, da ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari.

Amma ka saurara da kyau: ƙarin ya fito ne kawai a tambayoyin da suka riga suka yi kokawa da su kafin hutun. A sabbin tambayoyi, babu wani bambanci.

Ke nan sai ka fara ɗora wa ƙwaƙwalwa matsalar, ka gwada, ka cije, sannan ka tashi ka yi shara ko wanke-wanke. Wanda ya ajiye waya alhali bai ba kansa abin taunawa ba, me yake jira ya fito? Wanda kuma ya ajiye ta ya kunna talabijin ko ya toshe kunne da wani shirin, ɗaki kawai ya sauya wa hayaniyar. A ganina wannan ya fi yaudarar kansa, don har alfahari yake yi.

[Hoto: mutum yana tafiya, hannu a aljihu]

Maganar da wasu ke yi wai azumin waya yana wanke dofamin (wani sinadarin ƙwaƙwalwa) daga kai kuwa, ka bar ta. Ba datti ba ne, ko motsa hannu sai da shi.

In sharar ba ta yi maka ba, ka taka da ƙafa. A Jami'ar Stanford a 2014, masu tafiya sun fi na zaune kawo sabbin dabaru da kusan kashi 60, har da waɗanda suka yi tafiyar a kan injin motsa jiki suna kallon bango.