Darasi: Kada lalataccen fayil ya sa shirinka zagaye babu tsayawa a Git

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka daga nan Maradi. Ku buɗe kwamfuta, ku shiga ma'ajin gwaji na Git, wato manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayiloli, kada wanda ya taɓa na aiki.

Ƙanena ne ya jawo darasin yau. Yana kwafe ma'ajinsa zuwa kile USB sai kuran ya ɗauke. Da dare ya kunna ɗan shirinsa na Python mai karanta tarihin Git, ya kwanta. Da asuba kwamfutar ta yi zafi kamar kaskon tuya, fanka na ta kuka, shirin bai gama ba. Na ji zafin abin, don aikin makarantarsa ne na wata uku.

To, ku duba cikin .git/objects, inda Git ke ajiye abubuwansa. Kowane abu a nan matse yake da zlib, wato manhajar matse bayanai, sunansa kuma lambar SHA-1 ce mai harafi 40, wadda ake lissafawa daga abin da ke cikinsa. Shirinsa cewa yake: ci gaba da karantawa har zlib ya ce an kai ƙarshe. Fayil ɗin ya yanke a tsakiya, to wa zai ce an kai ƙarshe? Ga gyaran: bayan kowane read, wato karanto guntun fayil, in abin da ya dawo fanko ne alhali eof, alamar an kai ƙarshe, bai zama gaskiya ba, ka tsayar da shirin da kuskure. A'a, ku dakata, na sa layin gyaran ƙasa da decompress, mai warware matsin. Sama zai hau, kafin a miƙa wa zlib komai. Yauwa.

Na biyu, bin iyayen commit, wato kowane ajiyayyen canji a tarihin, wanda ke nuna wanda ya gabace shi a matsayin uba. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, lambar uba tana cikin abin da ake lissafa lambar ɗa da shi, don haka lafiyayyen tarihi ba ya komawa kansa. Amma shirinka ya sake lissafa lambar? In bai yi ba, lalataccen fayil na iya mayar da kai inda ka riga ka bi, sai ka riƙe set, wato jerin da ba ya maimaita abu, na waɗanda ka riga ka gani.

Nan ne na sha wuya, ku saurara da kyau. Ganin commit sau biyu ba zagaye ba ne. In an haɗe reshe biyu, dole su gamu a kaka ɗaya. Wannan tsallake shi kawai za ka yi. Zagaye shi ne ka tarar da shi a kan hanyar da kake kai yanzu, ba ka ma dawo daga cikinta ba. Na yi kwana biyu shirina yana ƙarar lafiyayyun ma'ajiyoyi saboda wannan.

Ni dai ina ƙara iyaka a kai. Git kansa haka yake yi: in reshe yana nuna wani, wancan na nuna shi, a mataki 5 yake tsayawa.

Masu son zama gaba da gaba, muna yi ranar Asabar a shagona kusa da babbar kasuwa, jaka biyu a wata, shayi kyauta.

Yanzu ku buga git fsck, mai duba lafiyar ma'aji, a ma'ajinku, sannan ku kunna transfer.fsckObjects, mai sa Git ya duba abubuwan da yake karɓa, ku jawo ma'ajin wani mu ga abin da zai ce.