Shekarun ƙarya a wasan alkafura: inda ake ƙara wa yaro shekaru

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau daga Zariya muke, kuma maganar shekaru za mu yi.

Ku shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Samaru ko Sabon Gari ranar da 'yan ƙasa da shekara 17 ke wasa. Kafin a busa usur za ku ji wani daga benci na baya ya ce, "Wannan ai ya yi jika!" Kowa ya fashe da dariya, domin kowa ya san abin da ake kira shekarun ƙwallo. Abin ma ba wasa ba ne. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa sun saɓa da abin da aka rubuta musu a baya. A ƙwallo, ƙato ne ke rage shekaru don ya yi wasa da yara.

To, akwai wasan da ake yin akasin haka. A wasan alkafura na mata, wato jimnastik, ƙara wa yarinya shekaru ake yi. 'Yar shekara 13 a rubuta mata 15, 'yar 14 a rubuta mata 17, don a tura ta cikin manya.

Me ya sa? Ku dubi gungumen da suke wasa a kansa. Faɗinsa santimita 10 ne kacal, tsawonsa mita 5, kuma ya ɗaga daga ƙasa fiye da mita ɗaya. A kan wannan ne za ta yi tsalle, ta juya a sama, ta sauka da ƙafa ba tare da ta yi tangaɗi ba. Ƙaramin jiki mara nauyi ya fi saurin juyawa a iska. Gaɓoɓin yarinyar da ba ta balaga ba sun fi lanƙwasuwa. Sannan akwai abin da masu horarwa ba su cika son faɗa a fili ba: ƙaramar yarinya ba ta san tsoro sosai ba, kuma ba ta musu. Aka ce ta hau, za ta hau. Aka ce ta sake, ko da ƙafa na ciwo, za ta sake.

Duniya ta ga haka ƙarara a gasar Olamfik ta 1976 a Montreal ta ƙasar Kanada. Nadia Comaneci 'yar Romaniya, tana da shekara 14, ta samu maki 10 cif, abin da allon nuna maki bai ma shirya masa ba, sai ya nuna 1.00. Ita ba ta karya wata doka ba, lokacin shekara 14 ce ƙa'ida. Amma daga nan ƙasashe suka shiga neman ƙananan yara ruwa a jallo.

Hukumar da ke kula da wasan a duniya, FIG, mai hedikwata a Lausanne ta Siwizalan, ta ɗaga ƙa'idar zuwa 15 a 1981, sannan zuwa 16 a 1997. Hujjarta ita ce ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, kuma horon awanni da yawa kullum yana lalata gwiwa da baya da wuyan hannu tun kafin a girma. Ku lura da yadda dokar take: ba sai yarinya ta cika 16 ranar gasa ba, ya isa a ce za ta cika a cikin wannan shekarar. Wadda aka haifa ranar 31 ga Disamba ta shiga, wadda aka haifa washegari sai ta jira. Kwana ɗaya zai iya zama jiran shekara huɗu, tunda Olamfik ba kullum ake yi ba. Simone Biles ta Amurka an haife ta a Maris na 1997, saboda haka gasar Landan ta 2012 ta wuce ta, sai a 2016 ta je ta kwaso zinare huɗu.

Wasu ƙasashen ba su da wannan haƙurin.

Daniela Silivas ta Romaniya ta ci zinare a gasar duniya ta 1985 a kan gungumen nan. A 2002, da bakinta, ta bayyana cewa jami'ai sun mayar mata da shekarar haihuwa daga 1972 zuwa 1970. Ashe shekararta 13 lokacin da ta ci. Ba ita ta je ta gyara takarda ba, miƙo mata fasfo aka yi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kim Gwang-suk ta Koriya ta Arewa. Ta zama zakarar duniya a 1991 a wasan sanduna biyu, waɗanda ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Da ta zo Olamfik na Basalona a 1992 an ce shekararta 17, amma da ta yi murmushi sai ga wawulo, babu haƙoran gaba. Duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen ragon layya ya san baki ake buɗewa a duba haƙora, to haka 'yan jarida suka yi ta kallon bakin yarinyar nan. Masu horar da ita suka ce faɗuwa ta yi a wurin atisaye. Ba haƙoran ne suka kama su ba. Takardunsu ne: shekara uku a jere suna rubuta mata 15. Hukumar FIG ta hana Koriya ta Arewa shiga gasar duniya ta 1993.

Ba su daddara ba. A 2010 aka gano wata 'yar wasansu, Hong Su-jong, an yi mata rajista a gasanni daban-daban da shekarar haihuwa uku: 1985, 1986 da 1989. Aka dakatar da ƙasar shekara biyu, gasar Landan ta wuce su.

Yanzu mu zo kan babbar rigimar, Beijing 2008. Tawagar matan ƙasar Sin ta ci zinare a gida, ta doke Amurka. Tun kafin a fara gasar ake ta surutu a kan wasu daga cikin 'yan matan, musamman He Kexin. Fasfonta ya ce an haife ta ranar 1 ga Janairun 1992, wato ta cika 16. Amma masu tono a intanet suka zaƙulo jerin sunayen gasannin cikin gida da ke nuna 1994, har da wani rahoton kamfanin dillancin labarai na gwamnati, Xinhua, na ƙarshen 2007 da ya kira ta 'yar shekara 13. Abin ya ƙara zafi da ita da Nastia Liukin ta Amurka suka yi kunnen doki a wasan sanduna, kowacce da maki 16.725, dokar raba gardama ta ba He zinare. Hukumar FIG ta nemi fasfo da katin shaida da rajistar iyali, aka kawo mata, duka suka ce 1992. A Oktoban 2008 ta wanke tawagar. Har yau zinaren na hannun He Kexin, kuma babu wata hukuma da ta same ta da laifi. Zargi ne, a haka ya tsaya.

Sai dai tonon ya fito da wata tsohuwar gawa. Dong Fangxiao tana cikin tawagar Sin da ta ci tagulla a Olamfik na Sidni a 2000, takardarta ta lokacin ta ce 1983. A 2008 ta dawo a matsayin ma'aikaciyar gasa, ta cike takardar neman katin shiga, sai ga 1986. A shafinta na intanet ma ta rubuta cewa a shekarar Sa, wato bijimi, aka haife ta bisa kalandar Sinawa, wadda ta faɗo tsakanin farkon 1985 da farkon 1986. Lissafi ya nuna shekararta 14 a Sidni. A Afrilun 2010 kwamitin Olamfik na duniya ya ƙwace tagullar daga dukan tawagar ya ba Amurka. 'Yan matan Amurka sun karɓi lambarsu bayan shekara goma, wasunsu sun daɗe da barin wasan.

Ku duba waɗannan labaran da kyau. Babu wanda na'ura ta kama. Kowanne takarda ce ta ƙaryata takarda, ko kuma mai abin ta girma ta yi magana. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Hukumar wasa ba ta da abin dogaro sai fasfo, fasfo kuwa gwamnati ke bugawa. Idan gwamnatin ce ke son lambar zinare, fasfon da za ta bayar ba jabu ba ne, na gaske ne, ƙaryar ce a cikinsa.

Mu nan mun san yadda takarda ke tafiya. Mutum nawa ne a cikinmu ke da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun daga ranar suna? Da yawa sai za a shiga makaranta ko a nemi aiki ake zuwa kotu a yi rantsuwar shekaru, baba ko kawu ya sa hannu. Shi ya sa za ka ga rabin aji an haife su 1 ga Janairu. Wani ya rage don kada ritaya ta cim masa da wuri, wani kuma ya ƙara wa 'yarsa don ta kai shekara 16 ɗin da ake nema kafin shiga jami'a. Wannan na biyun shi ne ainihin abin da ake yi a wasan alkafura, bambancin kawai can jami'an ƙasa ne ke riƙe da alƙalamin.

Za ku ce, to a yi musu hoton ƙashi mana kamar 'yan ƙwallo. Gaskiya ne, tun gasar 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, FIFA ke amfani da na'urar MRI tana duba wuyan hannu. Idan ƙashin ya gama haɗewa, ana ɗauka yaron ya wuce shekarun. A 2016 'yan Golden Eaglets 26 suka faɗi wannan gwajin ana dab da wasa da Nijar. Amma wannan gwaji an yi shi ne don kama babba mai shigar yaro. A alkafura tambayar a juye take, kuma horo mai tsanani da ƙarancin abinci kan jinkirta girman 'yan wasan, har 'yar 16 ta gaskiya ta fito da ƙashin da bai kai shekarunta ba. Sai a kori mai gaskiya. Abin da FIG ta yi shi ne tun 2009 ta fito da lasisi: a yi wa ɗan wasa rajista da ranar haihuwa ɗaya tun yana cikin matasa, ita za ta bi shi duk inda ya je. Wannan ya toshe ƙofar canjawa a tsakiyar tafiya. Wanda ya fara ƙaryar tun ranar rajistar farko, lasisin ma sai ya zame masa shaida.

Akwai masu cewa a soke dokar baki ɗaya. Marigayi Bela Karolyi, wanda ya horar da Nadia, a lokacin rayuwarsa ya daɗe yana cewa tunda ba a iya tabbatar da ita, masu gaskiya kaɗai take cuta. Ni ban yarda da shi ba. Yarinyar da aka ƙara wa shekaru ba ita ta nema ba, amma sunanta ne ke cikin jarida, ita ake ƙwace wa lamba, ita ke kwana da ciwon baya. Soke dokar ba zai rage mata ko ɗaya daga cikin wahalar jikin ba, zai dai halasta ta.

Wasan ma da kansa yana sauyawa. Tun da aka daina makin 10 a 2006 aka koma ba da maki gwargwadon wahalar abin da aka yi, ƙarfi ya fara yin tasiri fiye da ƙanƙanta. Oksana Chusovitina ta Uzbekistan ta yi Olamfik na takwas a Tokiyo tana da shekara 46. A gasar Faris ta 2024, Simone Biles ta ci zinaren gwarzuwar gasa tana da 27, Rebeca Andrade ta Burazil ta zo ta biyu tana da 25. A wasan zamiya kan ƙanƙara kuwa, bayan rigimar Kamila Valieva 'yar Rasha mai shekara 15 a 2022, hukumarsu ta ɗaga ƙa'ida zuwa 17. Ta alkafurar mata dai tana nan a 16.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.