Tumakin Kambiriya da na'urar da ake maƙalawa a yatsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

An ce in yi magana kan fannin da ke nazarin cuɗanyar kimiyya da fasaha da al'umma. Fanni ne da bai daɗe ba. Ya soma tsayawa da ƙafarsa ne bayan 1962, shekarar da Thomas Kuhn, masanin tarihin kimiyya, ya nuna cewa masana kimiyya su ma jama'a ce mai al'adunta da abin da ta saba ɗauka a matsayin gaskiya. Daga baya Bruno Latour, masanin zamantakewa, ya shafe kusan shekara biyu a ɗakin gwaje-gwaje na Cibiyar Salk a Kalifoniya, yana zaune yana kallon yadda sakamakon gwaji ke rikiɗa ya zama abin da kowa ya yarda da shi. Sunaye suna da yawa, amma bari in bar su in ba ku labarin tumaki, domin shi ya jawo ni cikin fannin nan.

Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Canobil ta yi bindiga a Yukren. Iska ta kwashi gubar nukiliyar da ta fito, ruwan sama ya sauke ta a tsaunukan Birtaniya, ciki har da yankin Kambiriya a arewacin Ingila, inda makiyaya ke kiwon tumaki tun kaka da kakanni. A watan Yuni gwamnati ta hana sayar da tumakin da yanka su, ta ce mako uku kawai za a yi. Jama'a, takunkumin ƙarshe bai tashi ba sai 2012. Shekara 26 ke nan.

Ina kuskuren ya fito? Masanan da suka ba gwamnati shawara ba jahilai ba ne, kuma ba su yi niyyar cutar kowa ba. Iliminsu kan sisiyom, sinadarin da ke cikin gubar, an gina shi ne a kan ƙasa mai yumɓu, wadda ke riƙe sinadarin ta hana shi motsi. Ƙasar tsaunukan kuwa mai tsami ce, cike da ruɓaɓɓen tsiro. Ba ta riƙe shi. Ciyawa ta zuƙe, tunkiya ta ci, ta yi kashi, ya koma ƙasa, ciyawa ta sake zuƙa. Gaskiyar da aka samo a wani wuri aka ɗauko aka shimfiɗa a wani wurin, ba a tambaya ko ta dace ba.

Brian Wynne, masanin zamantakewa wanda ya zauna da makiyayan ya saurare su, ya rubuta wani abu da har yau yake sosa mini rai. Masana sun so gwada wani yumɓu da zai tsotse gubar, sai suka killace tumaki a shinge. Makiyaya suka ce tumakin nan sun saba yawo a sarari, in aka tsare su za su rame, gwajin ya lalace. Ba a kula su ba. Gwajin kuwa ya lalace. Haka nan makiyayan sun daɗe suna zargin cewa wani kason gubar daga tashar nukiliya ta Selafil ta kusa da su yake, wadda ta yi gobara a 1957, kuma awon da aka yi daga baya ya nuna ba duka ne daga Canobil ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba wanda ya ɗauki abin da makiyayi ya sani a matsayin ilimi.

Na ga wasu na gyaɗa kai, to bari in ja hankali. Kada wani ya fita daga nan yana cewa kimiyya ra'ayi ce kawai. Makiyayi ba ya ganin sisiyom da ido. Na'urar masani ce ta nuna masa akwai shi. Kuma da awo aka gano kuskuren awo. Abin da fannin nan ke tambaya shi ne: a kan wa aka gwada, wa aka saurara, kuma wa zai ɗauki asara in lissafi ya ƙi?

Ku ɗauki wannan tambaya ku shiga asibiti da ita. Akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini. Haske take harbawa ta cikin yatsan, kuma launin fata na iya shafar yadda hasken ke ratsawa. A Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka wallafa cewa na'urar na ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata: kashi 11.7 cikin ɗari, a kan kashi 3.6. Ma'aikaciyar jinya ta duba lamba ta ga lafiya lau, alhali mutum yana bukatar a ƙara masa iska. Wannan kuma ana tsakiyar annobar korona. Tun 1990 wasu likitoci suka ja hankali kan matsalar a rubuce, aka yi shekara 30 na'urar na ta yaɗuwa a asibitocin duniya.

A nan zan tsaya. Mai tambaya, bismillah, a miƙa masa makirufo.