Masu Isa Turai ta Ruwa: Abin da Mutanen Chadi Suka Sani

(An naɗi wannan lacca ne a wani zama na matasa da dattawan unguwa a Njamena, aka rubuta ta bayan ɗan gyara.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena dattawa, malamaina, iyaye mata da ke zaune can baya, da ƙannena matasa, ina gaishe ku, na kuma gode da wannan gayyata.

An ce in yi magana a kan ce-ce-ku-cen da ake yi a Turai game da masu neman mafaka da ke isa can cikin jiragen ruwa. Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ko teku ba mu da ita? To, mutumin Njamena ba sai an kwatanta masa ba. A Disambar 2021, da rikici ya ɓarke a Kuseri ta Kamaru, da idonku kun ga kwale-kwale suna tsallako kogi cike da mata da yara, wata da tabarma a ka, wata da tukunya, wata ba ta fito da komai ba sai goyonta. A Janairun 2015 kuwa, bayan harin Boko Haram a Baga, ta cikin Tafkin Chadi mutane suka tsero, har aka buɗe musu sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola. Babu wanda ya tsaya a bakin gaɓa yana tambayar biza.

Yau ƙasar nan tana riƙe da 'yan gudun hijira sama da miliyan ɗaya. Na Darfur suna gabas tun 2003, a sansanoni irin su Farshana. Da yaƙi ya sake tashi a Sudan a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwa suka ƙaru, akasari ta Adre. Na Afirka ta Tsakiya suna kudu, wajajen Gore. Ku riƙe wannan, sannan ku ji nasu lissafin. A 2015, shekarar da Turai ta ce ta shiga uku, mutum miliyan ɗaya da ɗoriya ne suka isa ta ruwa, a Tarayyar Turai da ke da mutane wajen miliyan 500 a lokacin. A Birtaniya, waɗanda suka tsallaka daga Faransa cikin ƙananan jirage a 2022 sama da 45,000 ne, kuma a kansu ne firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya mayar da tsayar da jiragen ɗaya daga cikin manyan alkawuran gwamnatinsa. Alƙaluman hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kusan kashi bakwai cikin goma na 'yan gudun hijirar duniya a ƙasashe maƙwabta suke zaune, ba a ƙasashen masu kuɗi ba.

To me ya sa sai ta ruwa? Nan ne nake so mu ɗan daɗe. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta ce wanda ake tsananta masa saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ba a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Kusan duk ƙasashen Turai sun sa hannu. Sai dai kafin ka nemi wannan haƙƙi, yawanci sai ƙafarka ta taka ƙasarsu. Je ka ofishin jakadanci ka ce yaƙi ya cinye garinmu, a ba ni biza, ka ga ko za ka samu. Kamfanin jirgin sama ba zai ɗauke ka ba, domin tara ake cin sa idan ya kai fasinja marar takardu. Hanyar da ta rage ita ce a zaɓe ka daga sansani a kai ka wata ƙasa, kuma waɗanda ake yi wa haka a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. An ba ka haƙƙi a takarda, an toshe duk wata ƙofa da za ka bi ka karɓe shi. Wanda ya rage yana sayar da hanya shi ne ɗan fasa-ƙwaurin mutane.

Kuma ku san irin abin da yake sayarwa. Jirgin roba ne da ake hura wa iska, a loda masa mutum ɗari ko fiye, cikin dare, daga gaɓar Zawiya ko Sabrata a Libiya. Maza suna zama a gefe, ƙafa ɗaya cikin ruwa. Mata da yara ake sawa a tsakiya da sunan an kare su, alhali nan ne man da ya zube ke gauraya da ruwan gishiri, ya riƙa ƙona fata har ta saɓule. Ranar 3 ga Oktoban 2013, mutum sama da 360, yawancinsu 'yan Eritriya, suka nutse suna hangen tsibirin Lampedusa na Italiya. A Yunin 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Tobruk ta Libiya ya kife kusa da Girka ɗauke da ɗaruruwan mutane, 104 kawai aka ceto. Daga 2014 zuwa yau, waɗanda suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum sun haura 30,000. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera har ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Amsar da 'yan siyasarsu suka bayar ita ce a ture matsalar nesa da ido. A 2001 Ostareliya ta fara kai mutane tsibiran Nauru da Manus. Birtaniya ta ƙulla da Ruwanda a 2022 don ta riƙa tura masu neman mafaka can, kotun ƙolinta ta ce shirin ya saɓa doka a 2023, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2024 bayan an kashe fam miliyan 700, mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da son ransu. Italiya ta ƙulla da Libiya a 2017, ana ba masu gadin teku jirage da horo su tare mutane su mayar da su gidajen tsarewa da kowa ya san abin da ake yi a ciki. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi doka a 2015 da ta haramta safarar baƙin haure. Aka kama direbobin Agadas, aka ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai direbobi suka bar hanyoyin da ke da rijiyoyi suka kutsa cikin sahara. A Nuwamban 2023 aka soke dokar.

Malamai da ke nan sun fi ni sanin hijirar farko zuwa Habasha. Cikin jirgin ruwa sahabbai suka tsallaka Bahar Maliya, Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka ga fadawa don a mayar da su. Najashi, sarki Kirista, ya ce sai ya ji daga bakinsu tukuna. Iyakar abin da dokar mafaka ke nema ke nan: a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci.

Ba na raina damuwar talakan Turai da ke ganin haya ta yi tsada, asibiti ya cika. Mutumin Adre ma ya ga itacen girki ya ƙare, layin famfo ya yi tsawo, farashin gero ya tashi, kuma shi ba shi da gwamnatin da za ta cike masa gurbi. Abin da nake ƙi shi ne ɗan siyasa ya ɗauki wannan damuwa ya ɗora ta a kan wanda ya fi kowa rauni don ya ci zaɓe.

Ku kuma ƙannena, ku ji ni da kyau. Talauci da rashin aiki, duk zafinsu, ba sa cikin dalilan da doka ke ba da mafaka a kansu. Wanda ya sayar da gonar gidansu ya bi ta Faya zuwa Libiya, ko da Allah ya tsallakar da shi, yana iya shafe shekaru ba takarda ba aiki, a ƙarshe a ce ya koma. Ɗan fasa-ƙwauri ba zai gaya maka wannan ba, hoton da abokinka ya sa a Facebook ma ba zai nuna maka ba.

Ga hukumominmu kuwa, Chadi ta yi dokar mafaka a Disambar 2020, wadda ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da karatu da zirga-zirga. Duk ranar da wata ƙasar Turai ta zo da kuɗin tsaron iyaka, a tambaye ta: nawa za ta sa a abinci da ruwan sansanonin gabas, kuma mutum nawa za ta ɗauka daga can ta jirgin sama, da takardunsu?

Na ga hannuwa a sama. Baba, bismillah, mu fara da kai.